Bari In Ƙarasa, Hajiya

Wata rana, wata huɗu bayan na gama bautar ƙasa, na tsinci kaina a falon manyan matafiya na filin jirgin saman Addis Ababa. Falon 'yan bizines kilas.

Ni Nazifi, da ko Legas ban taɓa zuwa a jirgi ba.

Ga yadda aka yi. Na shiga wata gasar matasa masu ƙirƙira da shirina na rumbun adana albasa mai aiki da hasken rana, don manoman garinmu Aliero su daina kallon amfaninsu yana ruɓewa. Aka zaɓe ni cikin mutum goma da za su yi bayani a Kigali. Masu gasar suka makara wajen sayen tikiti, kujerar gaba kaɗai ta rage, ita suka saya mini.

Sharaɗinsu ɗaya ne. Ƙarfe huɗu na yammacin ranar da zan isa za a kira sunana, a ba ni minti goma sha biyar. In ba na nan, na bayana ya hau.

Mun sauka Addis da safe. Jirgin Kigali zai tashi sha ɗaya da minti arba'in. Na duba agogon hannuna, wanda Baba ya ɗaura mini ranar da na karɓi digiri, na ga bakwai da 'yan mintuna.

Na ce lokaci kamar a bayar sadaka.

Jama'a, na kasa zama a falon nan.

Na zuba shayi, ban sha ba, na koma na zuba gahawa. Na ɗauki hoton kujera. Na ɗauki hoton abinci. Na leƙa wurin wanka, na fito na sake leƙawa don in tabbatar da gaske kyauta ne. Na yi wa abokaina bidiyo har wayata ta mutu, na kai ta can lungu na jona caji.

Kuma duk wanda na gani da kwat, sai zuciyata ta ce: wannan ne zai zuba jari a rumbunka.

Na gwada wani Bature, ya nuna mini abin da ke toshe a kunnensa. Na gwada wani dattijo, ya yi murmushi ya rufe ido. Na canza kujera sau biyar. A ƙarshe na zauna, na shimfiɗa takardar shiga jirgina a kan teburi, fuskarta sama, yadda duk mai wucewa zai ga ajin da nake.

Sai na ji an yi sallama da Hausa.

Wata Hajiya ce, za ta yi sa'ar mahaifiyata. Ta zauna a kujerar da ke kallon allon jirage, jakarta a cinya, ruwa kawai a hannunta. Muka gaisa. Ta ce 'yar kasuwar Kwari ce, ƙasar Sin za ta sarin yadi, shekara goma sha tara tana bin hanyar nan.

'Yar kasuwa! Na gyara zama.

Na fara da albasa. Na faɗa mata buhu nawa ke lalacewa daga girbi zuwa damina. Na zana mata rumbun a bayan takardar goge baki. Daga nan na tsallaka zuwa manhajar da za ta haɗa manomi da dillali.

Ta kalli teburin, ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗan nan..."

Na ce, "Bari in ƙarasa, Hajiya, yanzu zan zo wurin da zai burge ki."

Ta sauke hannu.

Na shiga maganar injin busar da tumatir. Na shiga ta takin da za a yi da ɓawon albasa. Har shawara na ba ta kan yadda za ta sayar da yadinta a intanet, ita da ta fara fatauci ina aji ɗaya a firamare.

Ta sake buɗe baki, wannan karon tana nuna allo da ɗan yatsa. Na ɗauka tambaya ce. Na ce ta riƙe tambayoyinta, zan amsa su duka a ƙarshe.

Wallahi haka na ce.

Da na gaji don kaina, na kurɓi gahawar da ta huce, na tambaye ta yaya ta ga shirin.

Ta ce, "Shiri ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Amma agogonka na gida ne. Nan sun fi mu da awa biyu, kuma a falon nan ba a kiran jirgi. Naka tun ɗazu ake shiga."

Na kalli hannuna: tara da kwata. Na kalli allo: sha ɗaya da kwata.

Na ce, "Hajiya, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Sau biyu na buɗe baki, ka ce in bari ka ƙarasa. Na uku na ce to, wataƙila ɗan boko ya san abin da ban sani ba."

Ban ma tuna ko na yi mata sallama ba.

Na fizgi jaka na fita. Na kai bakin matakala na tuna waya, na dawo. Na bi hanyar hagu, ashe dama ce. Ga layin bincike: cire takalmi, cire bel, fito da kwamfuta. Na ƙarasa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

An rufe ƙofa.

Ta gilashi ina kallon jirgin, yana nan tsaye, ko motsi bai yi ba. Na roƙi ma'aikaciyar da duk Turancin da na koya a jami'a. Ta saurare ni har na gama, cikin ladabi ta ce sai jirgin gobe da safe.

Ƙarfe huɗu aka kira sunana a Kigali. Wata yarinya daga Malawi ta hau a madadina.

Washegari na isa, aka ba ni kujera cikin 'yan kallo. Kwana biyu ina zaune, bakina a rufe. A nan na ji wani manomi yana bayanin dalilin da ya sa rumbu irin nawa yake tara danshi idan aka rufe shi ruf. Shekara guda ina gini a kan kuskure, kuma na tabbata manoman Aliero sun sha yunƙurin gaya mini. Su ma, ina jin, na ce su bari in ƙarasa.

Hajiyar nan ban san sunanta ba. Minti arba'in na yi a gabanta, ban tambaya ba.

Agogon Baba kuwa yana hannuna har yanzu. Ba shi da laifi, lokacin gida yake ba ni.

Darasi: Idan babba ya ɗaga hannu kana tsakiyar magana, yi shiru. Naka bayanin zai jira ka. Abin da ke bakinsa wataƙila ba zai jira ba.

Ka san wani mai kai cike da dabaru wanda ba ya bari a kai aya? Tura masa wannan. In kuma an turo maka ne, to kada ka yi fushi, karanta ka ƙarasa.