Mutanen Ɗaya ga Janairu

Lokacin da nake rubuta wa mutane manhajar kwamfuta a Agege ta Legas, ina da tsarin gyara guda ɗaya da ban taɓa saɓa masa ba. In an kira ni an ce abu ya lalace, sai in ce a kashe a kunna. In bai yi ba, in ce bairos ne. In an wanke bairos ɗin matsalar tana nan, in ce ɗauke wuta ne ya ɓata fayil. In duk waɗannan sun ƙare, sai in juya in dubi wanda ke zaune gaban kwamfutar, in tambaye shi cikin ladabi abin da ya taɓa. Ni dai ban taɓa shiga jerin waɗanda ake tuhuma ba, kuma a haka ake ce mini Injiniya tun daga bakin layin dogo har Ogba.

Ƙungiyar mutanenmu ta unguwa tana da ofis ɗaki ɗaya a saman wani gidan burodi. Duk baƙon da ya sauko daga Arewa ko daga Nijar neman aikin gadi ko dako, nan ake rubuta shi a ba shi kati. Katin nan yake nuna wa mai gida kafin a yarda a ba shi gadi, kuma in ya kwanta ciwo ko an kama shi, da shi ake sanin wanda za a kira. Mai rubuta su wani dattijo ne da kowa ke kira Baba magatakarda, yana kan kujerar tun ina goye. Ba shi da mata a Legas, 'ya'yansa suna gida. Mabuɗin ofishin nan da gaisuwar da ake hawowa a yi masa kullum safe, su ne duk abin da ya mallaka a garin.

Sai aka yi sabon shugaba, wani mahauci da Allah ya buɗa wa. Ya shiga ofishin ƙungiyar makwabtanmu Yarabawa ya ga kwamfuta, ya dawo ya ce mu ma ba za a bar mu a baya ba. Aka kira ni. Cikin mako biyu na rubuta manhaja mai akwatuna huɗu: suna, sunan uba, ranar haihuwa, hoto. Littafin Baba yana da wani fili mai faɗi inda yake rubuta irin su “dogo, mai tsage uku, yana dako a Mile 2, ƙanin mai shayin bakin gada ne.” Na ce masa kwamfuta ba ta son surutu, na zubar da filin.

Baba ya koya, da yatsa ɗaya. Da hannu biyu yake riƙe linzamin kwamfutar kamar zai ƙwace masa, kuma ba ya danna ajiye sai ya yi bismilla. Na sha ba abokaina labarinsa a wajen mai shayi muna dariya.

Bayan wata uku mutane suka fara ɓata. Wani ɗan dako ya yar da katinsa, ya zo a sake buga masa, firinta ta fito da sunansa daidai, da fuskar wani mai gemu da bai taɓa gani ba. Washegari aka samu wani. Kafin mako ya zagayo, matakalar ofishin ta cika da masu neman kansu a kwamfuta.

Shugaba ya kira ni rumfarsa a kasuwa, yana tsaye ana yi masa fiɗa. Ya ce, “Injiniya, abeg faɗa mini gaskiya. Sistem ɗinka ne ke da wahala, ko tsohon nan ne?”

Na ce, “Oga, ita kwamfuta abin da aka ba ta shi take bayarwa.”

Ban ce Baba ne ba. Na dai faɗi jimlar da na saba faɗa, na bar ta ta yi aikinta. Shugaba ya ce shi ma haka ya zata. Ranar Lahadi akwai taro, in ba a gano wani dalili ba, Baba zai ajiye mabuɗi.

Litinin na kashe na kunna. Talata na wanke bairos, na samu guda biyu da ba su san hawa ba su san sauka ba, na kashe su don a ga ina aiki. Laraba na ɗora laifin a kan janareton gidan burodi, har na yi wa mai burodin faɗa da Yarabanci, ya rama mini da Hausa. Duk kwanakin nan Baba yana gefe a tsaye, ya bar mini kujerarsa. Ya daina shan shayi kusa da teburin, ya fara wanke hannu kafin ya taɓa madannan. Da yammacin Larabar ya tambaye ni a hankali, “Ɗana, ko dai hannuna ne ya yi nauyi?”

Na ce masa mai yiwuwa ne. Allah ya yafe mini.

Ranar Alhamis na zo da niyyar kama shi dumu-dumu. Na ce ya zauna ya yi aikinsa yadda ya saba, ni kuma na jawo benci bayansa na zuba ido. Wani mai gadi daga Nijar ya shigo, sabon zuwa, ya tsuguna ya gaishe mu. Baba ya tambayi sunansa, ya faɗa, sunan nan da kowane uba ke son raɗa wa ɗansa na fari. Sunan ubansa ma rabin masallacinmu za su amsa shi. Baba ya tambayi ranar haihuwa.

Mutumin ya ce, “Mushe,” wato yallaɓai a Faransancinsu, “rana kam Allah shi ya sani. Innata ta ce shekarar da anka yi hwara ne. Ga kartina, abin da sunka rubuta ke nan.”

Takardar ta ce an haife shi wajajen shekara kaza, babu wata, babu rana. Baba ya sa yatsa ya rubuta ɗaya ga Janairu, ya ɗauki hoto, ya yi bismilla, ya danna. A ƙasan fuskar kwamfutar na sa wata lamba da ke nuna yawan mutanen da ke ciki. Ina kallonta. An ƙara mutum, lambar ba ta motsa ba.

Na ce Baba ya ɗan matsa, na buɗe rubutun manhajar, na gangara inda ake ajiye mutum. Ga layin nan, ni na rubuta shi da hannuna, har da bayanin da na sa a samansa don yabon kai: maganin masu rajista sau biyu. Layin yana cewa in suna da sunan uba da ranar haihuwa sun zo ɗaya, to mutum ɗaya ne, a goge tsohon a sa sabon. Mai gadin nan da ke tsugune yanzun nan ya cinye wani bawan Allah, bai ma sani ba.

Na ce, “Baba, me ya sa kake sa musu ɗaya ga Janairu?”

Ya ce, “Kai ka ce mini, ɗana. Ranar farko na tambaye ka waɗanda ba su san ranarsu ba, tunda akwatin ba ya yarda a bar shi wayam. Ka ce in sa haka.”

Na tuna. Ina danna waya na ba shi amsar, ko kallonsa ban yi ba. Ni da aka haifa a asibiti da takarda mai hatimi, na gina gida ga mutanen da aka haifa shekarar fara da shekarar ambaliya, na kuma sa musu mai gadin da ke korar duk wanda ya yi kama da wani.

Gyaran bai kai minti goma ba: na cire layin, na ba kowa lambarsa. Saura waɗanda suka ɓata. Nan Baba ya sunkuya da kunya ya jawo littafinsa daga ƙarƙashin tabarmar salla. Ashe bai daina rubutawa ba, a ɓoye, da tsage da tsawo da sunan gari. Juma'a da Asabar yana karantowa ina bugawa, muna aikawa a kira su ɗaukar hoto.

Ba zan yi ƙarya ba, har safiyar Lahadi ina tunanin cewa bairos ne. Ba wanda zai gane, Baba ya tsira, ni ma na tsira. Amma na san shugaba, zai ce wa ya bar bairos ɗin ya shiga. Da aka taru a harabar makarantar Islamiyya na miƙe na ce laifina ne daga farko har ƙarshe, Baba bai yi kuskure ko na harafi ɗaya ba.

Sai wani dattijo ya ce, “Allah ya yi maka albarka.” Sauran suka amsa da amin.

Shugaba ya miƙe yana gyara babbar riga. Ya ce, “Jama'a, kun ga tarbiyya? A Legas aka haifi mutumin nan, amma bai zubar da kara ba. Ya ga dattijo zai ji kunya, ya ɗauki laifin ya aza a kansa. Irin wannan sai gida.”

Na ce ba kara ba ce, ga kwamfutata, in nuna musu layin. Na buɗe, suka leƙa, suka ga Turanci da alamomin baka-baka, suka jinjina kai suna cewa lallai wanda ya iya rubuta wannan ba zai yi kuskure ba. Na ce ai littafin Baba ne ma ya cece mu. Shugaba ya ce yauwa, ashe shi ya sa, hankalinsa yana kan littafi, ina zai kula da sistem. Raina ya ɓaci, na ce wallahi tallahi ni ne. Liman ya ɗaga hannu ya ce in bi a hankali, kara abu ne mai kyau amma ba ta kai a yi mata rantsuwa ba. Duk gaskiyar da na ƙara faɗa, sai darajata ta ƙaru, ta Baba ta ragu. Ban taɓa jin tsanar yabo kamar ranar ba.

Aka sauke Baba cikin girmamawa. Aka naɗa shi uban ƙungiya, wato kujerar roba a sahun gaba ranar taro. Mabuɗin kuwa aka miƙa wa surukin shugaba, wanda ya iya linzami da hannu ɗaya.

Da aka watse na bi Baba ofis ya kwashe butarsa da tabarmarsa. Ina ta jiran ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. A bakin matakala ya kama hannuna.

Ya ce, “Ɗana, na gode da abin da ka yi mini a gaban mutane. Amma kar ka ƙara. Ni na san hannuna ne.”

Na sake rantse masa, mu biyu kaɗai, babu mai ji. Ya girgiza kai, ya ce in je in yi kaffara, sannan ya sauka a hankali yana dafa bango.