Littafin da Ƙarshensa Ya Zube a Motar Bwari

Shekaru sun ja, na canja wurin aiki, na canja gida, har lambobin wayar mutanen da zan ba ku labarinsu sun ɓace mini. Amma akwai wata safiyar damina a cikin motar ma'aikata, da wata tambaya da aka yi mini a cikinta, waɗanda ba zan taɓa mantawa da su ba muddin ina numfashi.

Lokacin ina sabuwar ma'aikaciya a wata ma'aikatar gwamnati da ke tsakiyar Abuja, amma a Bwari nake zaune, domin hayar cikin gari ba ta ƙananan ma'aikata ba ce. Muna da wata doguwar bas da take kwaso mu da sassafe ta mayar da mu da yamma. Duk wanda ya san hanyar nan ya san tafiyar haƙuri ce. A gangaro daga duwatsun Bwari, a ratsa unguwar Dutse, a hau titin Kubwa, sannan a shiga layin motoci a yi ta jan ciki. 'Yan gaba barci suke ramawa, wasu na jan carbi, wasu na rera waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa. Mu kuwa 'yan kujerun baya karatu muke yi.

Ba wanda ya kafa ƙungiya. Wani ne ya leƙa littafin wata, ta ce idan ta gama za ta ba shi, shi ke nan abu ya zama al'ada. Kowace Litinin sai a bi layi, kowa ya ɗaga abin da yake karantawa ya faɗi yadda ya same shi, sannan a yi musaya. Doka ɗaya muke da ita: ba a faɗin ƙarshen littafi. Ka yabe shi, ka kushe shi, ka ce marubucin ya hana ka cin abinci, amma kada ka kuskura ka faɗi yadda ta kaya. Wanda bakinsa ya suɓuce shi zai saya wa kujerun baya gasasshiyar masara da yamma. Alƙalin dokar wani dattijo ne daga sashen binciken kuɗi, Malam muke ce masa. Tarihi kawai yake karantawa, kuma a wurinsa ƙagaggen labari ƙarya ce da aka yi wa bango mai kyau. Duk da haka ba ya wasa da hukunci, ina jin don masarar ne.

Ni kuwa bakina ba ya iya shiru, na sayi masara har mai gasawa ta haddace fuskata. Likita suke kirana, wai don daga na kalli mutum sai in ce ga littafin da zai yi masa magani. Ina jin daɗin sunan nan ba kaɗan ba. A lokacin gani nake ba abin da ya kai wannan sauƙi, mai son dariya a ba shi na dariya, mai son soyayya a ba shi na soyayya.

Ina son tafiyar nan, musamman da damina. Gajimare kan sauko ya zauna a kan duwatsu, gonaki su yi kore shar, sai ka hango shanu suna fitowa daga cikin farin nan ɗaya bayan ɗaya, matan Fulani na biye da ƙoren nono a ka. Gilashin mota ya yi gumi, ba abin da kake ji a baya sai ƙarar juya shafi. Wani lokaci idan na ɗago kai sai in rasa inda nake, ko a Bwari ko a garin da ke cikin littafin. Mutum goma a jere kusa da juna, amma kowa yana wata duniya daban.

A jikin taga ta ƙarshe wata mata take zama, 'yar wajen Jos ce, Kirista, a sashen ajiyar fayil take aiki kuma ta kusa ritaya. Mama kowa yake ce mata. Tabaronta na rataye da igiya a wuya, idan tana karatu sai ta ɗora yatsa a kan layi, leɓɓanta na motsi. Littafin da zan cinye a ƙarshen mako sai ta yi wata tana taunarsa. Hausarta irin ta can ce, mai taushi, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ba ta da yawan magana, amma idan ta ce littafi ya yi, to ya yi.

A wannan daminar na tsinci wani littafi a wurin masu baza gwanjon littattafai a ƙarƙashin gada. Labarin wata gwauruwa ne a wani ƙauyen bakin kogi, da ɗanta tilo da ya hau babbar mota ya tafi neman aiki, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. Uwar ta kulle ɗakinsa, ta ɗaure makullin a bakin zaninta, kullum da yamma ta je bakin hanya ta zauna tana duban motoci. Na karanta shi tsaf, na yi kukana, na zo ranar Litinin na cika motar da yabonsa. Daga nan ya shiga hannu. Wannan ya kai shi gida, waccan ruwa ya dake ta da shi a jaka, har ya yi laushi kamar tsohon zani. Da Mama ta ce, "Likita, me za ki ba ni wannan karon?" ban yi wani tunani ba na karɓo shi na miƙa mata. Ba wanda ya lura cewa gam ɗin bayansa ya saki, shafukan ƙarshe sun zube a wani wuri.

Ta daɗe da shi fiye da yadda ta saba. Nakan waiga in ga ta rufe shi a kan yatsarta, ta jingina kai da gilashi tana kallon duwatsu. Na ɗauka gajiya ce.

Ranar da abin ya faru Litinin ce, ana yayyafi. Wata tirela ta faɗi ta tare hanya kafin Dutse, motoci suka tsaya cik, har direbanmu ya kashe inji. Muka fara bin layi kamar kullum. Da aka zo kan Mama sai ta ɗaga littafin, ta buɗe bayansa ta nuna mana inda takardun suka fita.

"Likita, littafin nan ba shi da ƙarshe," in ji ta. "Ke kin karanta duka, ko?"

"Na karanta, Mama."

"To gaya mani. Yaron ya dawo?"

Wani ya yi dariya ya ce Mama tana so ta ja wa Likita sayen masara. Malam har ya ɗaga yatsa zai tuna mana doka. Amma Mama ba ta yi dariya ba. Ta cire tabaronta ta sake shi ya faɗa a ƙirji, ta yi magana tana kallon littafin, ba mu ba.

"Ni ma ina da yaro. Ya gama makaranta, aiki babu. Ya ce zai bi ta sahara ya haye ruwa. Ya kira ni daga Agadas, ya ce Mama ki yi mani addu'a, gobe za mu shiga hanya. Tun daga ranan shiru. Ba inda ban je ba, ba wanda ban tambaya ba. Ɗakinshi yana nan a kulle, makullin yana cikin jakan nan."

Kullum muna tare da matar nan safe da yamma, mun san irin littafin da take so, mun san ba ta cin masara sai mai taushi, amma ba wanda ya san abin da take ɗauke da shi.

Malam ya sauke yatsarsa. "Yau babu doka," ya ce a hankali. "'Yata, faɗa mata."

Ya ce in faɗa, amma idonsa wani abu daban yake roƙona. Matar da ke kusa da ni ta mintsine ni a cinya, ta raɗa mini, "Ki ce ya dawo." Kusan duk waɗanda ke wurin sun karanta littafin kafin ya zube, sun san yaron bai dawo ba, kuma na tabbata da na yi ƙarya ba wanda zai ƙaryata ni. Kalma biyu ce kawai, in faɗa tsohuwa ta koma gida da ɗan abin riƙewa. Wallahi har na buɗe baki da niyyar faɗinta. Sai na dubi hannun Mama, yatsarta na nan a kan layin ƙarshe da ya rage, ba ta ɗaga ba. Matar da ta bi labarin nan layi-layi ba ta tsallake ko ɗaya ba, na ga ba zan iya yi mata cushe a ƙarshe ba.

"Bai dawo ba, Mama," na ce.

Ji na yi kamar da bakina na kashe mata ɗa. Wadda ta mintsine ni ta kau da kai, Malam ya sunkuyar da nasa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mama ta gyaɗa kai. "Na sani," ta ce. "Tun tsakiyan littafin na sani. Wanda ya rubuta wannan ya san abin, ba zai ruɗe ni ba. Da kin ce ya dawo, da na san ɗaya cikinku ya yi mani ƙarya, ko ke ko shi." Sannan ta ɗago ta dube ni sosai. "Uwan fa? Shi nake so in ji. Yaya ya ƙare? A bakin hanyan ya mutu?"

Sai a lokacin na gane abin da take nema. Labarin ɗanta ta riga ta san ba a littafi za ta same shi ba. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda mace irinta take ƙarewa.

Na gyara zama na fara ba ta ƙarshen. Na ce mata wata safiya bayan ruwan kogi ya janye, matar ta kwance makullin daga bakin zaninta ta buɗe ɗakin. Ta tarar gara ta cinye tabarma, ta share, ta buɗe taga, ta shanya kayansa a rana. Daga baya aka turo wata malamar makaranta ƙauyen ba ta da masauki, sai ta ba ta ɗakin. Ina magana ina ganin 'yan gaba suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, har masu barci, direba ma ya rage rediyo. A waje gajimare ya rufe komai, ba ka ganin ko motar da ke gabanmu, sai na ji kamar mu kaɗai muka rage a duniya, mu da matar bakin kogin. Na ce ba ta daina duban hanya ba, amma yanzu daga ƙofar gidanta take duba, tana tsintar wake, kuma idan magariba ta yi takan tashi ta ci abincinta.

"Ba wake ba ne," in ji Malam, kansa a ƙasa. "Gyaɗa take ɓarewa."

Duk muka juya muka dube shi. Ashe mai cewa ƙagaggen labari ƙarya ne ya karanta shi a ɓoye, har ya fi ni riƙewa. Mama ce ta fara dariya, hawaye na bin kumatunta, sannan muka bi ta. Tana goge fuska da bakin ɗankwali ta ce, "To ya ci abinci dai. Na gode wa Allah." Ba a jima ba aka janye tirelar, direba ya ta da mota.

Bayan ranar ba wanda ya sake ta da maganar. Muka ci gaba da musayarmu, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai a gonakin bakin hanya. Wata safiya sai ga Mama ta bar kujerarta ta taga ta zo ta zauna kusa da ni. Sai da muka gangaro daga duwatsu sannan ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa don kada wani ya ji.

"Likita, na buɗe ɗakin," ta ce. "Ban ba kowa ba, ban kai nan ba tukuna. Na dai share, na buɗe windo, iska yana shiga. Jiya na yi barci har safe."

Hannunta kawai na riƙe har muka shiga gari.

Ta yi ritaya ba da daɗewa ba ta koma garinsu, kuma har yau ban san ko ɗanta ya dawo ba. Ina yi masa addu'a duk lokacin da na tuna su. Abin da safiyar nan ta koya mini shi ne, idan za ka miƙa wa mutum littafi ka miƙa da ladabi, domin ba ka san ciwon da zai taɓa masa ba. Kuma wanda ke cikin baƙin ciki ba ƙarya mai daɗi yake bukata daga gare ka ba. So yake a gaya masa gaskiya, sannan a nuna masa wani da ya bi hanyar nan kafin shi, ya kuma rayu.