Layi Uku da Malam Sake-Duba Ya Goge

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Satumba, da hantsi, aka bugo waya ofis cewa ka cika, bayan jinyar kwana shida.

Mu ne muka laƙaba maka Malam Sake-Duba, don ba ka taɓa yarda da aikin kowa a karon farko ba, har naka. Ko shayi aka miƙo maka sai ka shinshina. Amma kai ne ka zauna da ni mako biyu ina sabon ɗauka, kana koya mini manhajarmu mai lura da sanyin ɗakunan ajiyar magani, ba ka ɗaga mini murya ko sau ɗaya ba.

Abu guda ka fi nanatawa. Sigina, ka ce, kamar ƙwanƙwasa ƙofa ce: tana katse manhaja a kowane lokaci, ko da tana tsakiyar rabon memori, wato wurin da kwamfuta ke riƙe bayanai yayin aiki. Idan ɓangaren da ke amsa ta shi ma ya nemi memori a daidai nan, komai ya cakuɗe. Harshen kwamfutar da muke rubuta manhajar da shi kuwa yana ɗibar memori a ɓoye, ko kalma biyu ka haɗa. "Ƙanena, ka sa alama kawai ka fita," kake cewa. "Sauran aikin a yi shi daga baya." Na ɗauka tsoron tsufa ne.

Bara manhajar ta daskare, ta tsaya cak, sau uku, a na ukun magani ya lalace. Oga ya ce da hannun wani a ciki, muka shiga kallon juna ta wutsiyar ido. Da na duba tarihin gyare-gyare, na ga ka taɓa fayil ɗina ba ka gaya mini ba. Ban tambaye ka ba. Na je na raɗa wa oga. Aka ƙwace aikin daga hannunka, aka mai da teburinka lungu kusa da firinta. Ba ka kare kanka ba, ni kuma hakan ya ƙara mini zargi.

Shekaranjiya aka ba ni kwamfutarka in kwashe abin da ke ciki. Nan na ga layi ukun da ka goge. Nawa ne. Na sa mai amsa sigina ya haɗa saƙo ya rubuta, abin da ka hana ni. Bayan daskarewa ta uku ka gano, ka gyara, ka rubuta wa kanka game da ni: "Yana kan gwajin aiki. A bar shi."

Oga ma yana iya karanta ranakun gyare-gyaren nan kamar yadda na karanta yanzu. Ko ya duba, ko ya ga ya fi sauƙi kada ya duba, ban sani ba, kuma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Na san zai ga wannan rubutun, na san abin da zai iya biyo baya. Kunya ta fi tsoron yawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Maman 'Yan Biyu da yaran, Allah Ya ba ku haƙuri. Duk abin da kuka ji an faɗa a kan babanku bara, ba shi ba ne. Ni ne.