Minti Goma da Oga

A ma'aikatarmu an kafa doka cewa duk Litinin kowa zai zauna da ogansa minti goma, su biyu kawai, wai don a san damuwar juna. Nawa ogan kullum idonsa na kan waya, tambayarsa kuma ɗaya ce: "Malam, ya madam?"

Da matata ta kwanta asibiti a Wuse, sau uku ina gaya masa. Da ta rasu, shi ya sa hannu a takardar hutuna.

Ranar da na koma aiki na zauna gabansa. Bai ɗago kai ba.

"Malam, ya madam?"

Na ce, "Yallaɓai, sati biyu ke nan da muka kai ta makwancinta."

Ya ce, "To madalla, a gaishe ta."