Kwafin Kabon na Uwar Tafireta

A ofishinmu, in ana son a ga Uwar Tafireta ta cire tabarau ta harari mutum, lamba ɗaya za a ambata: 1634. Ita ce lambar da ta kunyata ta a gaban Manaja.

Shekara ashirin da uku ta yi tana buga wasiƙu a kusurwar da ke kusa da taga. Ɗabi'arta ɗaya ce tun ranar farko: komai ta buga sai ta sa kabon, ta riƙe na sama, ta miƙa kwafin ga Mai Fayil, aminiyarta da ke teburin gefe. Ko jerin cefanen gida ta buga, sai Mai Fayil ta samu nata.

Da aka kawo kwamfutoci, aka tura su biyun kwas na wata uku. Kujera ɗaya ce a sabon ɗakin kwamfuta. Wadda ta rasa, sito za a mayar da ita, can ƙasan bene inda babu taga.

Aikin jarrabawa shi ne a rubuta ɗan firogiram mai gano lambobi masu son kansu, wato waɗanda in an warwatsa su sai su koma kansu. Malamin ya ba da misali da 153. Alƙalumanta uku ne, don haka kowanne a ninka shi da kansa sau uku: ɗaya ya ba da ɗaya, biyar ya ba da 125, uku ya ba da 27. A haɗa, ga 153 ta dawo gida.

Uwar Tafireta ta yi mako biyu tana fama. A tafireta take fara buga layukan, wai kwamfuta tana yi mata gaggawa. Wurin tara jimla ta sa masa suna "kwando". Ranar da 153, 370 da 407 suka amsa, har ɗan rawa ta taka a zaune. Ta zare kabon ta miƙa gefe.

"Ungo, 'yar uwa, duba ki ga ko zai taimake ki."

Abin da bai zo mata a rai ba, ta kafe ninkin a sau uku. Lamba mai alƙaluma huɗu kuwa sau huɗu take so.

Ranar jarrabawa Manaja ya tsaya a bayanta, malamin ya ce a gwada 1634. Injin ya ce a'a. Ta sake bugawa da ƙarfi, kamar yadda take yi wa harafin da ya maƙale. Ya sake cewa a'a. Aka matsa zuwa teburin Mai Fayil, nata ya ce e.

Da Uwar Tafireta ta leƙa allon aminiyarta, sai ga kwandonta zaune daram. Layi ɗaya kawai aka canja, wanda ke ƙirga alƙaluman lamba kafin a ninka. A kan kwafin kabon da ke gefe an zagaye "uku" da jan biro, an sa kwanan wata, don ma'aikacin fayil ba ya taɓa takarda bai sa kwanan wata ba. Kwana huɗu ke nan da gyaran.

"Kin gani tun Litinin?"

"Wallahi na so in gaya miki, Yaya."

"Sai me ya riƙe bakin?"

Mai Fayil ta shiga gyara zaman gyalenta.

Yau shekara biyu Uwar Tafireta tana sito. Ta sauko da tafiretarta, ta gyara firogiram ɗin da kanta har yana gano masu alƙaluma bakwai. Suna gaisawa da Mai Fayil a bene, gaisuwa mai kyau, ba a tsayawa. Kabon kuwa ta daina sawa.

Jiya na sauka karɓar ambulan, na ce, "Uwa, ya labarin 1634? Har yanzu ana gaba da kwamfuta?"

Ta cire tabarau.

"Kai, rabu da baiwar Allah. Uku na ce mata, uku ta yi. Wadda ta san huɗu ne, ta kwana huɗu tana shan shayi a kofina, ita za ka hau sama ka tambaya."