Sunana a Bakin Babana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina duba shinkafa a fadamar Ambursa da hantsi sai ga Ɗan'ige masunci ya jingine kekensa, ya ce, "Malam, sai haƙuri. Baba ya cika." Na yi salati, amma Baban nan da ya fito daga bakinsa ya sosa mini rai. Ni ne ɗan farin Malam Umaru. Shi kuwa Ɗan'ige jinya ta kawo shi gidanmu.

Mahaifina malamin asibitin En'e ne a Birnin Kebbi, ƙarƙashin likita Bature. Ya ba da rayuwarsa ga mazan da fitsari ya tsare da masu fitsarin jini. A wajenmu in yaro ya fara fitsarin jini sai a ce girma ne ya zo, haka zai tsufa da abinsa har ƙari ya fito masa a mafitsara. Baba yakan je Argungu ya zauna cikin masunta suna gyaran taru, ya yi ta hira har dattijo ya faɗi abin da ya ɓoye wa matarsa. Yakan ce musu, "Ciwon ga, in kun zo da wuri wuƙa tana yi mai magani. In kunka tsaya kunya, likita buɗewa za shi yi ya ruhe."

Likita ba ya yi wa marar jini aiki, don haka Baba ke sauke su a zaurenmu ya yi ta kiwonsu. Hanta tasu, kifi nasu, mu sai ƙamshi. Ɗan'ige ya zo kamar kara. Da hannunsa Baba yake ba shi abinci, ya ja fatar idonsa ya duba, ya ce, "Ɗan'ige, jini ya soma zuwa." Aka yi masa aiki, ya tashi. Wallahi na sha fatan in kwanta ciwo ko zan sami wannan hannun. Ni kunyar ɗan fari ta shiga tsakaninmu: ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, daga "wancan" sai "yaron ga".

A hanyar Birni Ɗan'ige ya gaya mini sauran. Ashe Baba ya daɗe fitsari na yi masa gardama. Mutumin da ya raba garuruwa da kunyar wannan ciwo ya kasa gaya wa ɗansa, sai masunci. Kafin ya yarda a duba shi ƙarin ya bazu, jiki ya yi rauni. Likita ya buɗe, ya rufe.

Na ce, "Don me ba ka aiko mini ba?"

Ya ce, "Shi ya hana. Cewa yay yi kowa na iya ganin shi hakanga, ban da Bello."

Na tsaya cak. "Haka ya ce? Bello?"

"Da bakinai. Kullum sai ya ambace ka."

Ashe yana faɗin sunan. Kunnen wani ne ya ji, kuma har yau ina kishin kunnen nan.

Allah Ya jiƙan Malam Umaru, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba Inna da ƙannena haƙuri, har da Ɗan'ige, wanda ya riƙe shi a lokacin da ba na nan. Ni kuma Allah Ya haɗa mu a inda zai kira ni in amsa. Amin.