Na Je Ɗauko Baba da Mota Mai Kujera Biyu

Talata: Bebeji zuwa Kwanar Dangora

Ƙarfe biyar da kwata na asuba, ina sallame salla na tayar da mota a ƙofar gidana a Bebeji. Farkon damina ne, an yi ruwan shuka sau biyu, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki. Abin da ya tashe ni wasiƙa ce da limamin ƙauyenmu, can gaba da Doguwa, ya rubuto da ajami. Ya ce idon Baba na hagu ya tafi, na dama ma hazo-hazo yake gani, kuma malamin asibitin da ya duba shi ya ce a gaggauta kai shi wurin likitan ido a Kano tun ana iya ceto na daman.

Sai kun san motar za ku gane wautata. Ja ce wur, gajera, sai ka durƙusa za ka shiga. Kujera biyu ke gare ta rak, da rumfar tamfol da ake naɗewa. Daga hannun Baturen kuza na same ta, wanda na yi wa tuƙi kafin in koma sayen gyaɗa. A watan farko sau biyu nake wanke ta a yini, in na fito kasuwa takan tsaya cak. Amma ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Cikin shekara biyu mutanen Bebeji sun saba, mai goron bakin hanya ko kai ba ya ɗagawa. Ni kaina shiga nake in fita kamar wanda ya zura tsohon takalmi. Abu ɗaya ya rage mini a rai: Baba bai taɓa ganinta ba.

Ana gobe zan tashi, bayan la'asar, maƙwabcina Alhaji Sule ya miƙo mini makullin motarsa ta kaya, irin wadda yanzu ake kira a-kori-kura.

"Garba, ɗauki tawa. Ruwa ya kusa kankama, kuma tsoho ba ya tafiya shi kaɗai."

"Alhaji, taka ai sai ta kwana biyu tana tari a hanya. Tawa iska ce."

Ya mayar da makullinsa aljihu, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ba ta Ƙiru hanyata take ba, amma na ratse ta can, kuma ba don komai ba sai don a gan ni. Na shiga garin ƙarfe shida. Ba kowa sai mai ƙosai tana haɗa wuta. Na sayi na kwabo, ta leƙo ta ce, "Sannu Malam Garba, har yanzu dai ita ce?" Na ce ita ce. Ƙosan bai yi mini daɗi ba.

Ƙarfe bakwai da minti goma na iso Kwanar Dangora, na sha mai galan huɗu daga duro. A gindin wata ɗorawa na hango Malam Isa, wanda ya koya mini karatu ina yaro, tare da wansa. Tun jiya suke jiran babbar mota zuwa ta'aziyya a Tudun Wada. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe su, sannan da kunya na ce wurin mutum ɗaya gare ni. Malam ya ce Yaya ya shiga. Yaya ya ce a'a, Malam ne zai yi wa mamaci addu'a. Aka yi ta haka har rana ta fara zafi.

Daga ƙarshe Malam Isa ya dafa ni ya ce, "Je ka, yaro, Allah ya yi albarka. Tare muka fito, tare za mu isa."

Na ja mota, ina ganinsu a madubi suna komawa kan tabarmarsu.

Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada

Mil ashirin da 'yan kai ne, jan burji. Da na sami miƙaƙƙiyar hanya na naɗe rumfa na taka mai. Allura ta haye hamsin, ta taɓa sittin, iska ta fizge mini hula. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗin nan na da ya dawo, har na kama kaina ina dariya ni kaɗai. Bai wuce kwata ɗin awa ba. Muka shiga gargada, cikin motar ya daki dutse, salansa ta ɓalle tana jan ƙasa. Sauran mil takwas ɗin da rarrafe na yi su, ƙara kamar ana harbin bindiga.

Na shiga Tudun Wada ƙarfe goma saura. Wani maƙeri ya ɗaure salansar da waya, ya karɓi sule ɗaya. A bakin gari akwai shingen damina, wanda ake rufewa in an yi ruwa don kada motoci su kwaɓe hanya. Mai gadi na hango jar mota ya ƙame ya sara, yana zaton Bature ne. Da ya ga baƙar fuskata sai hannun ya sauko a hankali.

"An yi ruwa a daji jiya. Sai gobe da safe."

"Ai wannan ba ta da nauyi, Baba mai gadi."

"Ko kaza ce, sai gobe."

Na sauka a gidan Ɗanladi, abokin cinikina. A nan kam aka taru kallon motar, har na fara jin daɗin da na fito nema. Sai wani dattijo mai jaki ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Buhu nawa take ɗauka?" Na ce ba ta ɗaukar buhu. "Mutum fa?" Na ce ɗaya, ban da ni. Ya dubi jakinsa ya ce, "Ashe ka yi arziki, Duna." Aka kwashe da dariya, aka watse. Tuwon dawa da miyar kuka aka kawo bayan magariba, na ci kaɗan na kwanta.

Laraba: Dajin Falgore da Doguwa

An ɗage shinge shida da rabi. Daga Tudun Wada zuwa Doguwa mil arba'in ne ko kusa, rabinsa daji. Ba gida ba gona, sai gwaggon biri a kan duwatsu da shanun Fulani masu komowa arewa. Ƙarfe tara na iso wani rafi da ba gada, duwatsu kawai aka jera a ƙasansa. Ruwan bai kai gwiwa ba, amma ina tsakiya inji ya mutu. Fulani uku suka ajiye sanduna suka turo ni.

Babbansu ya ce, "Aradu ɗan maraƙin nan naka ba ya son ruwa. Yaushe za ka komo?"

"Gobe, in Allah ya so."

"To, kada ka wuce gobe. Ruwa biyu masu ƙarfi, rafin nan ya rufe baki sai kaka."

Na ba su goro, na jira inji ya bushe. Sha biyu saura minti ashirin na wuce Doguwa. Daga nan mil uku ne zuwa ƙauyenmu, turbar jakuna, na bi ta tsakanin kunyoyi ina jin ƙasa tana goga mata ciki. Ina hango rimin ƙofar gidanmu na danna ƙaho sau uku. Shekara biyu ina shirya wannan ƙahon a zuciyata.

Gari ya fito. Baba bai fito ba. Na same shi a zaure a kan buzu, fuskarsa na kallon inda ba kowa. Na durƙusa na gaishe shi, ya laluba ya kama kaina da hannu biyu, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sai da na sha ruwa ya ce, "Wannan kukan naka ne?" Na ce motar ce, Baba. Ya ce a kai shi.

Inna ce ta kama masa tsintsiyar hannu. Ban san ya kai haka ba. Tana tafe tana faɗa masa a hankali, ga dokin ƙofa, ga turmi, ɗaga ƙafa. Ta ɗora tafinsa a kan motar. Ya shafa daga fitila har baya, kamar mai taya saniya.

"Santsi gare ta. Wane launi ce?"

"Ja ce, Baba."

"Ja. To, in na warke na gani."

Ya zura hannu ciki, ya taɓa sitiyari, ya taɓa kujerata, ya taɓa ɗayar. Ya miƙa hannu baya yana neman saura, ya ci karo da ƙarfe. Ya sake lalubawa.

"Garba, ina uwarka za ta zauna?"

Na ce Inna ta tsare gida, ai ni zan kula da shi. Ya janye hannunsa ya goge a riga.

"Kai kana wurin awon gyaɗa. Wa zai juya ni gabas in zan yi salla? Wa zai sa mini hannu a akushi? Tun da abin nan ya same ni da bakinta nake gani."

Na ce to in kai shi yau, in dawo in ɗauki Inna gobe. Ya yi 'yar dariya.

"Ni za ka koya wa rafin Falgore? Ka tsallake da ni, ruwa ya sauko, ni can ita nan har kaka. Mu biyun nan ba wanda ya san zai ga kaka."

Inna ta durƙusa gefensa tana roƙo. "Malam, ka tafi. Ido ba abin wasa ba ne. Ni zan biyo babbar mota." Amma dukanmu mun san babbar mota ta daina zuwa Doguwa tun ruwan farko. Raina ya ɓaci, har na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce na yi kwana biyu a hanya saboda shi. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Allah ya saka. Je ka zo da motar mutane."

Da la'asar ina kallo Inna ta kama kafaɗunsa ta juya shi gabas, ta gyara masa buzu. A waje kuwa mutane sun gaji da kallon motar, akuya ce kawai ke lasar taya.

Alhamis: Komowa

Biyar da rabi na tashi. Inna ta ɗora mini ƙullin daddawa a kujerar da na tanadar wa Baba. Na tsallake rafin ƙarfe takwas saura kwata, hadari ya haɗo baƙi ƙirin a bayana. Ban taɓa gudu da motar nan kamar na ranar ba, kuma ban ji komai ba sai tsoro. Ruwa ya cim mini mil biyar kafin Tudun Wada. Rumfar tamfol ta yi ta yoyo, ruwa ya taru a kujerar gefena har ƙullin ya jiƙe. Aka rufe shingen da ke fita gari, na zauna har bayan azahar ina roƙon mai gadi. A Kwanar Dangora ban ko dubi gindin ɗorawa ba. Ana kiran magariba na shiga Bebeji, kai tsaye ƙofar Alhaji Sule.

Ya dubi kujerar, ya dube ni, ya shiga gida ya fito da makulli.

Ranar Juma'a muka fita da shi a motar kayan. Asabar da hantsi muka isa rafin, tun daga nesa muke jin rurinsa. Duwatsun da na bi shekaranjiya ba alamarsu, itatuwa ne ke wucewa da saiwoyinsu a sama. Kwana biyu muka yi a bakinsa muna duban ruwa. Na uku Alhaji ya ce, "Garba, mu je gida." Na yi kuka a gaban mutum, ban ɓoye ba.

Bayan kaka

Sai da aka fara yankan dawa hanya ta buɗe. Na je na ɗauko su su biyu, an shimfiɗa musu katifa a baya, Inna na riƙe da hannunsa tana faɗa masa sunan kowane gari. A Kano likita ya haska idon daman ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambayi tafinta me ya sa ba a kawo shi tun kafin damina ba. Ya ce shi ma na daman ya riga ya tafi. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi ala kulli halin."

Muka iso Bebeji ƙarfe huɗu da rabi na yamma, lafiya lau, ba abin da ya sami kowa a hanya. Na gode wa Allah a kan haka. Na gode wa Ɗanladi da masaukinsa, da Fulanin da suka turo ni, da Alhaji Sule wanda har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba.

Jar motar tana ƙarƙashin rumfar kara a tsakar gida, inda na ajiye ta tun ranar Alhamis ɗin nan. Tayoyi sun sace, kaza ta yi ƙwai a kujerar gefe. Inna ta biyo da Baba ta kusa da ita za su shiga ɗaki, gefen rigarsa ya goge ta. Ya tsaya, ya miƙa hannu ya shafa, ƙura ta cika masa tafi.

"Garba, har yanzu ja ce?"

Na ce, "Ja ce, Baba."

Ya gyaɗa kai, Inna ta ce masa ga dokin ƙofa, ɗaga ƙafa.